Suturar 'Yan Mata a Filin Wasa da Amanar Masu Kallo

A kowace shekara, idan hunturu ya fara ja da baya kuma zafin bazara bai riga ya kankama ba, makarantun sakandare kan keɓe rana guda domin gasar guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin gidaje, inda akan raba ɗalibai ja da kore da shuɗi da rawaya, a gayyato manyan gari, a kafa rumfuna, a kawo ganga da badujala. To, a ƙasar Kebbe da Tambuwal, kamar sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, wannan rana takan zo wa iyayen 'ya'ya mata da wata mas'ala wadda ba kasafai ake furta ta a bainar jama'a ba, amma ana tattauna ta a zauruka da tsakar gidaje, watau wace irin tufa yarinya za ta sa idan za ta yi gudu, kuma idon wa zai sauka a kanta sa'ad da take gudun. Mafi yawan iyaye kan yanke hukunci cikin kalma ɗaya, su ce ba za ta shiga ba. Ni kuwa ina ganin wannan hukunci, ko da yake kishin mutunci ne ya haife shi, ya ɗora wa yarinya nauyin da ba nata ba ne, ya bar waɗanda ya kamata a tuhuma suna zaune a inuwar rumfa.

Kafin mu shiga namu, ya kyautu mu leƙa inda al'amarin ya fi ƙamari, domin 'ya'yanmu suna ganinsa a waya ko mun so ko mun ƙi. A Amurka akwai wata al'ada ta tsayar da ayarin matasa a gefen fili suna rawa da tsalle da kirari domin zuga 'yan wasa da tayar da tsimin 'yan kallo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a farkonsa aikin maza ne zalla: a shekarar 1898 wani ɗalibi mai suna Johnny Campbell ya jagoranci taron 'yan kallo da kirari a Jami'ar Minnesota, ba a kuma shigar da mata ciki ba sai wajen 1923, sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari zuwa fagen daga, 'yan mata suka cike gurbinsu. A wancan zamani rigar sanyi mai kauri da dogon siket suke sawa. Amma da talabijin ya shigo, kuma masu kulob suka gane cewa jikin mace yana jawo ido, ido kuwa yana jawo kuɗi, sai tufar ta yi ta ƙanƙancewa, har a 1972 ƙungiyar Dallas Cowboys ta fito da ayarinta cikin shigar da ta zama abin kwaikwayo, daga nan salon ya gangaro zuwa makarantu, inda masu sa shi yara ne waɗanda ba su kai shekara goma sha takwas ba. Aikin kansa yana da wuya da haɗari, akwai ɗaga mutum sama da juyi a iska, har ma Hukumar Wasannin Olamfik ta Duniya ta amince da ƙungiyar masu yin sa ta ƙasa da ƙasa a 2021. Saboda haka ba wanda zai ce ba 'yan wasa ba ne. Sai dai babu wani dalili na wasa da ya wajabta bayyana ciki da cinya, tun da samarin da ke cikin ayarin suna yin irin wannan tsalle cikin riga da dogon wando.

Kada mai karatu ya zaci Musulmi kaɗai ne wannan ke damu, domin 'yan matan Turai da kansu sun gaji. A watan Yulin 2021, a gasar Turai ta ƙwallon hannu na bakin teku da aka yi a Bulgeriya, 'yan wasan Norwe suka ƙi sa ɗan kamfan da doka ta tilasta musu, wanda faɗinsa a gefe bai kamata ya wuce santimita 10 ba, suka sa gajeren wando irin wanda aka yardar wa maza, aka ci su tarar Yuro 1,500. Da duniya ta yi ca, kafin shekarar ta ƙare aka sauya dokar. A shekarar ta 2021 kuma 'yan wasan lanƙwasa jiki da alkafura na Jamus, Sarah Voss da abokanta, suka fito a gasar Turai a Basel da kuma Olamfik na Tokyo cikin tufa mai rufe ƙafa har idon sawu, suka ce sun yi haka ne domin ƙananan yara su san suna da zaɓi. A Japan kuwa fitinar ta kai matsayin da wasu maza ke zuwa filin wasa da na'urar ɗaukar hoto mai ratsa yadi, suna yaɗa hotunan a intanet, har kamfanin Mizuno ya saƙa wani yadi na musamman mai toshe hasken da na'urar ke aiki da shi, wanda 'yan wasan ƙasar suka sa a Olamfik na Paris a 2024.

A daidai lokacin da ake tilasta wa waɗansu tsiraici, waɗansu kuma sutura aka hana su. A 2007 aka fitar da wata yarinya 'yar shekara 11 daga wasan ƙwallon ƙafa a lardin Kwibek na Kanada saboda hijabinta. A 2011 'yan wasan Iran suka rasa wasansu da Jodan na neman shiga Olamfik a kan wannan dalili. Hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ba ta halatta rufe kai dindindin ba sai a 2014, ta ƙwallon kwando kuma sai a 2017, bayan 'yan wasan Ƙatar sun janye daga gasar Asiya ta 2014 maimakon su tuɓe lulluɓinsu. Da aka buɗe ƙofa, sai ga Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci lambar tagulla a wasan takobi a Olamfik na Riyo a 2016 da hijabinta, ga kuma Doaa Elghobashy ta Masar tana buga ƙwallon raga na bakin teku da riga mai dogon hannu da wando. Amma duk da haka Faransa ta hana nata 'yan wasa sa hijabi a gasar da ita kanta ta karɓi baƙuncinta a 2024. Mu ma nan gida sai da aka je Kotun Ƙoli kafin a tabbatar, a watan Yunin 2022, cewa ɗaliba a makarantun gwamnatin Jihar Legas tana da haƙƙin sa hijabi. Wanda ya tilasta kamfai da wanda ya haramta hijabi, a ganina, illarsu ɗaya ce, domin kowannensu ya zauna a ofis ya yanke wa jikin yarinya hukunci ba tare da ya tambaye ta ko iyayenta ba.

Yanzu mu komo ga abin da muka gada, domin ƙasar Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga irin wannan muhawara. Malamanmu sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata bayan shekaru. Saboda haka asalin motsa jiki ga mace ba abin ƙyama ba ne, abin dubawa shi ne al'aura da wurin da ake yi da waɗanda ke kallo. Sun kuma san cewa a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, muminai maza aka fara umurta da runtse ido kafin a juya ga mata da zancen mayafi, kuma wannan jeri hikima ce da muke yawan tsallakewa idan muna wa'azi. Wani abu da ya fi kusa da mu shi ne abin da Malam Abdullahi na Gwandu ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati: a zamanin yawon wa'azin Shehu Usmanu, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki halartar mata majalisinsa, yana tsoron cuɗanya da maza, sai Shehu ya sa Abdullahi ya mayar masa da jawabi, wanda ma'anarsa ita ce ana keɓe mata wuri dabam, kuma barinsu cikin jahilci ɓarna ce da ta fi girma. Ba su kori mata daga majalisi ba, sun gyara majalisin ne. Daga wannan tushe Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajis ɗinta suna tafiya ƙauye zuwa ƙauye da malfa a ka suna karantar da mata. Ba ina kwatanta darajar gudu da darajar ilmi ba ne, hasha. Ƙa'idar kawai nake nufi, cewa idan maslaha ta haɗu da tsoron fitina, hanyar magabatanmu ita ce a toshe kafar fitinar a bar maslahar.

Maslahar kuwa a bayyane take. Yarinyar da ta tashi a Kuchi ko Dogon Daji ko Jabo a zamanin kakanninmu tana da dandali, tana da gaɗa da tafi da tsalle a farin wata, tana da daka da ɗibar ruwa. Amma ɗalibar makarantar kwana ta yau, a Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Tambuwal ko wata makaranta irinta, daga aji sai ɗakin kwana, idan babu filin wasa babu inda jininta zai motsa. Likitoci sun daɗe suna faɗin cewa ƙashi yana samun mafi yawan ƙarfinsa ne a shekarun balaga, kuma gudu da tsalle suna taimaka masa. Wannan jikin ne gobe zai ɗauki ciki ya yi naƙuda, a ƙasar da asibiti ke da nisa. Ga kuma wadda Allah Ya nufa da karatu mai zurfi, wata rana za ta je sansanin masu yi wa ƙasa hidima, a Wamakko ko wani wuri, a sa ta fareti da gudun asuba, gara ta saba da yin su cikin suturarta tun tana ƙarama.

Amma akwai wata gaskiya mai ɗaci wadda wajibi ne a faɗa wa iyaye, watau sutura kaɗai ba ta tsare yarinya daga azzalumi. Larry Nassar, likitan 'yan wasan alkafura na Amurka, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a watan Janairun 2018 bayan mata fiye da 150 sun tsaya a kotu sun faɗi abin da ya yi musu, ba a tsakiyar fili ya cuce su ba, a ɗakin duba marasa lafiya ne, da sunan magani, kuma abin da ya ba shi dama shi ne yaran sun yi ƙorafi manya suka ƙi saurara domin kare sunan hukuma. Mu ma ba sai mun tsallaka teku ba: 'yar tallar da ke yawo a tasha da bakin titin Sakkwato zuwa Jega da hijabi har ƙasa, ai ba ta tsira daga maganganun banza da miƙa hannu ba. Idan muka koya wa yarinya cewa duk abin da ya same ta laifin shigarta ne, to mun rufe mata baki, domin ranar da wani ya taɓa ta kunya za ta hana ta faɗa, shi kuwa wannan shirun yake nema.

Sa'an nan ga wayar hannu, wadda ta rushe katangar makaranta ba tare da an ji ƙararta ba. A da, wanda ya ga yarinya tana gudu ya gan ta sau ɗaya ne, taro ya watse. Yau saurayi guda a bayan rumfa zai ɗauki bidiyonta, ya matso da hoton inda ba ya halatta, ya ɗora waƙa a kai, kafin magariba ya zaga WhatsApp da TikTok, har ya kai ga dangin wanda zai nemi aurenta. Tsoron iyaye a nan tsoro ne na haƙiƙa, ban raina shi ba ko kaɗan. Sai dai mai laifin sananne ne, ɗan wani ne a cikin garin, yana da uba da malami da mai unguwa, kuma su ya kamata a fara kai wa ƙara.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta ba. Telan kasuwar Tambuwal zai iya ɗinka dogon wando mai sakin jiki da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, daga yadi marar nauyi wanda ba ya shara-shara kuma ba ya manne wa jiki idan an yi gumi, domin zafin watan Maris a wannan yanki ba abin wasa ba ne, kuma yadi mai kauri yana iya sa yarinya ta faɗi a fili. Hijabin gudu ya zama gajere mai kama kai, a cusa shi cikin wuyan riga, ba fil ba allura, kada ya harɗe ƙafa ko wani ya fizge shi. A ba 'yan matan dama su gwada samfurin su faɗi ra'ayinsu kafin a ɗinka da yawa, gama su ne za su yi gudu a ciki, kuma sun fi kowa sanin kalar da ke tona asiri a kwanakin al'ada, abin da ya sa gasar Wimbledon ta sassauta dokarta ta fararen kaya a 2023. Horarwa ta kasance a hannun malamai mata inda akwai su, inda babu kuwa kada namiji ya keɓe da ɗaliba, ko a fili ko a mota ko a ɗakin shan magani. Gasar 'yan mata a ware mata ranarta, a gayyato iyaye mata da yayye da matan manyan gari su cika rumfunan, a ajiye wayoyi a bakin ƙofa, a bar malama guda ta ɗauki hoton da makaranta ke bukata. A kuma sanar da kowace ɗaliba sunan malamar da za ta kai wa kuka idan wani ya dame ta, tare da alkawarin cewa za a bincika maganar a asirce, kuma ba ita za a kora daga fili ba.