Tashar Yamai: ga dogo, ina jirgi?

Ran 7 ga watan Afirilu na shekarar 2014 aka buɗe wata ƴar tashar jirgin ƙasa a birnin Yamai, daura da filin sukuwa. Shugaba Mahamadu Isufu ne ya buɗe ta, tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo. Ko da yake ƙarama ce, ita ce ta farko a tarihin ƙasarmu.

An daɗe ana jiran wannan rana. Tun 1936 Faransawa suka kawo dogo daga bakin teku a Kotonu har Paraku, tafiyar kilomita 438, suka tsaya nan. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar OCDN don ta riƙe hanyar. A wancan lokaci, kayan da aka yo wa Nijar oda, jirgi ya kan sauke su a Paraku, a sake loda su cikin manyan motoci, su ƙetare kogi a Gaya. Kowane saukewa da lodi kuɗi ne, kuma mai saye a kasuwa shi ke biya.

Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo mai faɗin mita ɗaya, irin na Benin, daga Yamai zuwa Doso, kilomita 143, aka yi bukin buɗe shi a watan Janairu na 2016. Amma tun 2015 wata kotun Benin ta tsai da aiki a can, bisa ƙarar attajiri Samuel Dossou, wanda ya ce shi aka fara bai wa izinin hanyar. Sai tsakanin Doso da Paraku ya zauna babu dogo.

Nan ne gizo ke saƙa. Kaya masu nauyi su ke ciyar da jirgin ƙasa, su kuwa daga bakin teku suke fitowa. Fasinjan Doso yana da motar haya a kan kwalta. Shi ya sa zirga-zirgar yau da kullum ba ta kankama ba a tashar Yamai.

A 2021 Nijeriya ta aza harsashin wani dogon daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. Ya kamata ma'aikata da ƴan kasuwa su riƙe darasin Yamai: kafin a yi murnar ginin tasha, a tambaya ko dogonta ya sadu da teku.