Gargaɗi Ga Magidantan Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni: A Rubuta Tun Da Sauran Numfashi

Jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, akwai wutar da ke ci a ƙarƙashin toka a gidajenmu, kuma ba ta tashi sai ranar da aka naɗe tabarmar zaman makoki. Wutar gado ce. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna asubar 15 ga Mayun 2024, lokacin da wani mutum ya watsa fetur ya cinna wa masallaci wuta a Larabar Abasawa, ƙaramar hukumar Gezawa, mutane suna cikin salla. An yi asarar rayuka da dama, 'yan sanda kuma suka ce rikicin rabon gado ne silar abin. Gezawa ba nisa gare ta ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Gidan da mahaifi ya gina lokacin da unguwannin nan suke bayan gari, yau yana tsakiyar birni, kusa da Titin Zariya da Asibitin Malam Aminu Kano. Kuɗinsa ya kai ya raba 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Dillalai sun san haka, suna nan suna jiran bango ya tsage.

Tsagewar kan fara ne daga shirun maigida. Alhaji yana da fuloti a Hotoro, da shago a Kantin Kwari wanda suka haɗa jari da abokinsa, da kuɗi a asusun da ke cikin waya, amma babu wanda ya sani sai shi. Ana binsa bashi, shi ma yana bin wasu, duk a ka. Rana ɗaya ciwon ajali ya zo, harshe ya yi nauyi. Mun gani a Afrilun 2020, sa'ad da Kano ta riƙa binne dattawanta a jere, da yawa ba su samu zarafin sallama ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu kuwa mun mai da rubuta dukiya tamkar kiran mutuwa.

Sai kyauta ta baki. "Wannan gidan na Hajiya ne, na ba ta." A mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa aka riƙe ba har mai ita ya rasu, ta koma cikin gado. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. In za ka yi kyauta, yi ta kana da lafiya, ka miƙa makulli da takarda a gaban shaidu, ka kuma yi adalci tsakanin 'ya'yanka.

Ka tuna da waɗanda gado ba zai kai gare su ba. Jikan da ubansa ya riga ka rasuwa ba ya samun komai matuƙar kana da ɗa namiji a raye. Agola da ɗan riƙo su ma haka. Sulusin nan shi ne ƙofarsu, in ba ka rubuta ba ka rufe ta da hannunka.

Ku kuma magada, ku ji tsoron kalmar nan ta "a bari tukuna". Shari'a ta jera abin dalla-dalla: hidimar jana'iza, biyan bashi, zartar da wasiyya, sannan rabo. Matan mamaci su raba sumuni idan akwai 'ya'ya, uwa da uba kowa sudusi, namiji ya ɗauki ninkin rabon mace. Amma sai babban wa ya ce kada a raba gidan Baba, ya ci gaba da karɓar kuɗin haya. Shekara goma, wasu magadan sun rasu, 'ya'yansu sun shigo, gado ya hau kan gado. Mai takaba ta gama wata huɗu da kwana goma ba ta san makomarta ba, marayu kuma an kore su daga makaranta saboda kuɗi.

A sani kuma, sunan da aka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci ba ya mai da mutum magaji. Banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗi. Fili kuwa, a nema masa takardar shaidar mallaka a hukumar KANGIS mai kula da takardun filaye, kada a dogara da tsohuwar yarjejeniyar ciniki da gara ta fara ci.

Don haka, ya kai maigida, a makon nan ka sayi littafi. Rubuta abin da ka mallaka, da wanda kake bi, da wanda ke binka, da amanar da ke hannunka. Ware kayan matarka daga naka. Nemi malamin da ya san ilimin gado da lauya su duba, shaidu biyu adalai su sa hannu, iyali su san inda aka ajiye. Maƙabartar Tarauni ba ta aiko da takardar gayyata. Kada ka bar wa 'ya'yanka shari'a a madadin addu'a.