Rodin da ke jiran bene: abin da na gani tsakanin Parakou da Djougou

Duk wanda ya zaga Zongo a Parakou ya ɗaga kai, zai ga rodi ya leƙo a saman gidaje, ya yi tsatsa, yana jiran ranar da mai gida zai samu halin ɗora bene. Haka muke gini. A yi ƙasa bana, a tare, a zuba 'yan haya a shagunan gaba, saura sai Allah ya hore.

Gidanmu ma haka ya zauna shekara goma sha biyu. Da muka haɗa kuɗi ni da ƙannena za mu ɗora sama, tambayar farko da injiniya ya yi mana ita ce: ina zanen? Rodi nawa ne a cikin kowane ginshiƙi, kuma harsashin ya kai zurfin nawa? Muka kalli juna. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya tsaya a kan aikin, maginin ma ya rasu, takardar kuwa ba wanda ya san inda ta shiga. Sai da aka haƙa gindin ginshiƙai biyu, aka ɓare kankare, kafin injiniya ya yarda.

Ba a nan ta tsaya ba. Bayan bango ya tashi, mai aikin famfo ya zo, ashe bututun banɗakin sama zai sauko ne daidai kan kankaren da ke kwance bisa ginshiƙai yana ɗauke da nauyin bene, wanda maginanmu ke kira poutre. Shi dai ya ce a huda kawai. Injiniya ya ce wallahi ba da shi ba. Ƙarshenta aka rushe bango, aka matsar da banɗaki, bulo da siminti suka tafi a banza. Har yau in zancen ya taso a gida, sai wani ya tashi ya bar wurin.

Bayan 'yan watanni na je Djougou, tafiyar kilomita ɗari da talatin da wani abu daga Parakou. Ɗan yayata, wanda ya karanta zanen gine-gine a makarantar EAMAU da ke Lome, yana kula da ginin wata Islamiyya da jama'ar unguwa ke tara wa kuɗi. Na ba shi labarin bututunmu. Ya yi dariya, ya buɗe kwamfuta, ya ce: "Kawu, zo ka ga abin da ya kamata a yi muku."

Abin da ya nuna mini shi ake kira BIM. Da fari na ɗauka irin hoton nan ne mai kyau da ake liƙawa a allon talla. Ashe ginin ne gaba ɗaya aka fara ginawa a cikin kwamfuta, kuma kowane yanki nasa yana ɗauke da bayaninsa. Ya danna ginshiƙi guda, sai ga kaurinsa, da yawan rodin da ke ciki, da irin kankaren da za a zuba. Ya faɗaɗa aji ɗaya a gabana, nan take lissafin bulo da fenti ya canza da kansa. Zanen mai famfo da na mai lantarki da na injiniya duk a kan gini guda suke, saboda haka in bututu ya ci karo da poutre, manhaja za ta nuna wurin tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary ya fito da ArchiCAD tun shekarun 1980, Autodesk na Amurka ya sayi Revit a 2002. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta BIM a ayyukan ginin da take bayarwa daga 2016, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'idar ISO 19650 kan yadda ake tsara bayanan gini da adana su.

To amma Djougou ba Landan ba ce. Lasisin manyan manhajojin da tsada, kuma kowace shekara ake sabuntawa, ga kwamfutar sai mai ƙarfi. Babban maginin da ke aikin bai taɓa taɓa linzamin kwamfuta ba, kuma ba ya shirin koya. Ɗan yayata bugo masa shafuka yake a takarda, ya tura masa hotuna ta WhatsApp, ya yi bayani da Dendi ko da Hausa. Ya kuma faɗa mini gaskiya: in magini ya saka rodi mai kaurin milimita 10 inda aka rubuta 12, ba wanda ya gyara a kwamfuta, to fayil ɗin ƙarya zai riƙa faɗa har abada. Shi ya sa yake zuwa ya ɗauki hoton rodi kafin a zuba kankare.

Ni dai ba lissafin bulo ne ya fi kama ni ba, duk da 'yan kwamitin sun ji daɗinsa, tunda kuɗin jama'a ne kuma za a tambaye su. Manyan ayyuka irin sababbin kasuwannin da gwamnati ta gina a Guéma da Djougou suna da ofisoshin da ke riƙe takardunsu. Mu masu gini da kaɗan-kaɗan, abin da ke cikin harsashinmu a kan mutum guda yake zaune, in ya tafi ya tafi da shi. Islamiyyar nan ma azuzuwan ƙasa kawai za a yi yanzu, bene sai wata shekara, wataƙila sai wani kwamitin.

Saboda haka na ba su shawara, kuma sun karɓa: ranar da aka gama aiki, a miƙa wa kwamiti fayil ɗin a tsarin IFC, wanda manhajoji daban-daban ke iya buɗewa har da na kyauta, tare da bugaggen zane na abin da aka gina a zahiri. Kwafi ɗaya a wurin liman, ɗaya a wurin ma'aji.

Kafin in hau mota na roƙi ɗan yayata ya zo Parakou bayan damina ya auna gidanmu, ya shigar da abin da muka tono a gindin ginshiƙan nan biyu. Ya ce zai zo, amma in tanadar masa kuɗin mai.