Sankarar Burkitt: kumburin da ba ya jira

A 1958 wani likitan fiɗa ɗan Ireland, Denis Burkitt, ya bayyana wata cuta da ya yi ta gani a asibitin Mulago na Kampala: yara da muƙamuƙi a kumbure, haƙora na girgiɗa, wani ma ido ya turo waje. Sankarar jini ce mai kama fararen ƙwayoyin da ke kare jiki.

Da ya bi taswirar Afirka, sai ya tarar ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya. A 1964 kuma aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a ƙarin da ya aika Landan. Ita da zazzaɓin ke taruwa su rikita fararen ƙwayoyin yaro, su yi ta hayayyafa ba birki, har ƙarin ya ninka cikin kwana ɗaya ko biyu.

Gaggawar nan ita ce lagonta, don magunguna irin su cyclophosphamide sun fi kama ƙwayoyi masu saurin rabuwa. A Turai yawancin yaran na warkewa. A nan Afirka kuwa, abin takaici, sau da yawa sai an gama maganin ciwon haƙori da na gargajiya kafin a kai yaro asibiti.