Kafin Ka Shafa Wa Gidan Baba Siminti, Ɗauko Tsani Tukuna

Ka sha ganin irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook. Da farko a nuna maka ɗaki duk ya ji jiki, bango ya yi baƙi, silin ya rufto. Sai a rufe kyamara da tafin hannu, a ɗauke, ka ga tayil yana ƙyalli, fitilu ja da shuɗi cikin POP, labule har ƙasa. Sakan 30 an gama. Kai kuma kana zaune bisa benci a Dandamisa, kuɗin rakenka sun shigo, ko ka dawo daga Abuja da ɗan abin da ka tara, sai zuciya ta ce maka: wallahi bana sai na gyara wa su Baba gida.

Niyya ce mai kyau, Allah Ya ba da lada. Sai dai akwai abin da bidiyon ba ya nunawa, wato yadda ɗakin yake komawa a watan Agusta na shekara ta biyu.

Na san lissafin da ke kanka, domin shi ne na kusan kowane matashi daga Makarfi zuwa Hunkuyi zuwa Ikara. Gidan na ƙasa ne, to a sayo siminti buhu kaza, a kira birkila ya shafe bangon waje tas, a buga fenti, mai wucewa ya rantse ginin bulo ne. Nan ne kuɗin mutane da yawa suke nutsewa.

Siminti da jar ƙasa ba sa jituwa. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita in rana ta fito. Haka yake rayuwarsa tun zamanin kakanni. Siminti kuwa in ya bushe ya zama ɓawo mai tauri, ba ya kama jikin ƙasa sosai, kuma zafin rana da sanyin hunturu ba sa motsa su daidai da juna. Sai ɓawon ya yi 'yan tsage-tsage, wasu kamar gashi, da ƙyar ido yake ganinsu. Ruwan sama ya bi ta nan ya shige ciki. Shiga da sauƙi, fita babu hanya, don simintin ya tare. Daga waje gida fes, daga ciki ƙasa tana jiƙa tana zama kunu. Wata rana cikin dare sai ka ji rim! filasta ta ɓallo faifai guda, ta taho da rabin kaurin bangon.

In an riga an shafe gidanku, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ɗauki makulli ko ɗan dutse ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ya kama za ka ji sauti a dunƙule. Inda ya rabu za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Duk wurin da ya yi kukan ƙwarya ka zagaye shi da gawayi, ka ɓamɓare shi da hannunka yanzu da rani, kafin ya zaɓi ranar faɗowa da kansa, wataƙila lokacin da ƙannenka ke wasa a gindinsa. Wasu maginan suna kafa ƙusoshi ko ragar kaji a bango kafin su shafa. Hakan yana riƙe filastar ta daɗe ba ta faɗo ba, gaskiya ne, amma bai hana laimar taruwa a bayanta ba.

Sai maganar tsagewar bango, kuma a nan ina so ka ɗan ajiye wasa.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu, wasu da dama suka jikkata, Allah Ya jiƙansu. Wannan fa gini ne na Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda aka yi tun wajajen 1830, ginin da masana suka sha zuwa daga ƙasashen waje don su kalli bakan gizonsa. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa kwana guda kafin nan an lura da tsagewa a bango, ana shirin kawo masu gyara. Kwana ɗaya tak. To in aikin Babban Gwani zai iya yin haka, ina ga ɗakin Inna da aka ɗora shekara 30 da suka wuce, ba wanda ya sake hawa kansa?

Ba kowace tsagewa ce abin tsoro ba. Akwai ta saman yaɓe, wadda take kamar tafin ƙafar da hunturu ya fasa, wannan yaɓe kawai take so. Wadda za ka sa wa ido ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta raba bango biyu a lungu, ko wadda ka leƙa ta ciki ka hango haske. Wayar da ke hannunka tana da amfani a nan fiye da ɗaukar hoton kai. Ja layi da biro a ƙarshen tsagewar sama da ƙasa, rubuta kwanan wata a gefe, sa tsinken ashana a bakinta ka ɗauki hoto. Bayan mako biyu ka koma ka sake ɗauka. In ta wuce layinka, ko ashanar da a da take cijewa yanzu tana faɗawa ciki, bangon tafiya yake yi. Cusa siminti a ciki rufe ido ne kawai. A fitar da masu kwana a ɗakin, a kira magini wanda ya san aikin ƙasa. Haka in ƙofar da take rufuwa lafiya ta fara cijewa ba dalili, ko azara ta fara lanƙwasa a tsakiya.

Yanzu ɗauko tsanin.

Yankinmu na Zazzau yana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, Agusta ce uwar tafiya. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in ka haɗa da bakin kwanon da ya fito waje, rufinsa ya kai murabba'in mita 16. Ka buga a wayarka: lita 16,000 ke nan, jarka 640 mai cin lita 25, daga kan ɗaki ɗaya. Tambayar ita ce, ina duk wannan ruwan yake sauka? A gidaje da yawa amsar ita ce gindin bango. Shi ya sa in ka duba katangun unguwa za ka ga daga ƙasa suke cinyewa, su rame kamar an sassaƙe su, sama tana nan da ƙibarta. Bango daga ƙafa yake mutuwa.

Saboda haka kuɗin farko na rufi ne da hanyar ruwa. In rufin kwano ne, shiga ɗakin da tsakar rana ka rufe ƙofa da taga, in babu silin duk hudar da ke sama za ta nuna kanta kamar tauraro. In ka hau, ka taka kan layin ƙusa, nan ne katako yake, kada ka taka tsakiya. Duba ƙusoshin: a kan tudun kwano ake buga su, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma duk wadda hularta ta ɗago ko ta ci tsatsa a canza ta. Soka wa katakon tsinin wuƙa. In ya shige kamar burodi, gara ta gama da shi, ko da daga waje yana nan kamar lafiyayye. Sabon katako a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, masu ƙaramin ƙarfi da baƙin mai suke yi. Sannan ɗaurin rufin. Iskar farkon damina, ta Afrilu da Mayu, ita ce take yaye kwano ta kai shi gonar maƙwabci, kuma galibi ba kwanon ne ya gaza ba, katakon ne ba a ɗaure shi da jikin gini ba. Langalanga ko waya mai kauri da za ta riƙe shi ba ta kai kuɗin datar da kake sha a wata ba.

In kuma soro ne, aikin ya fi sauƙi, amma ba ya son mantuwa. Share ciyawa da ganyen da suka taru a sama, cike duk inda ya lotsa don kada ruwa ya kwanta, a sake yaɓe inda ya dare. Indararo shi ne ran soro. In ya toshe, ruwa ya kwana a sama. In ya yi gajere ko ya karye, ya riƙa zuba a jikin bango yana tona rami. Ƙasa kuma, inda ruwan ke faɗowa, a jera duwatsu ko a ajiye duro. Gindin bangon a cika shi da birji ko marmara, a daɓe da kyau, ya gangara waje, yadda ruwa zai gudu ya bar gidan. Kwatar tsakar gida a yashe ta tun yanzu, ba sai ranar da ruwa ya shiga ɗaki ana kwalfewa da kwano ba.

Wani zai ce, to shi ke nan sai mu zauna a gidan ƙasa kamar 'yan ƙauye? Malam, wannan kunyar ita ce take ci mana kuɗi. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa ne, ginin da ke tsaye yanzu tun 1907 yake, kuma duk shekara gari guda ke fitowa a yaɓe shi, samari na hawa kan itatuwan da aka bari a jikin bango don wannan aikin, ana yi kamar ranar salla. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa irin namu, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Shi kuwa Francis Kéré na Burkina Faso, makarantar firamare ta bulon ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, mai rufin kwano da ya fito sosai ya yi wa bango laima, tana cikin ayyukan da suka kai shi ga lambar Pritzker a 2022, babbar lambar masu zanen gini ta duniya. Kuma kai ma ka sani, a watan Afrilu in NEPA ta ɗauke, ɗakin Kaka na ƙasa ake gudu a kwanta, ba naka na bulo da kwano ba.

Magabata suna da nasu maganin ruwa. Makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa, tana sa yaɓe da daɓe su yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Masu hali a birane irin Zariya da Kano suna yin laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Laso ya yi wuyar samu yanzu da marina suka ragu, amma ɗorawa tana nan a gonakinku. Sirrin yaɓe kuma ba wani boyayye ba ne: ƙasa mai kyau, a zuba ramno, a cuɗa da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa ana yayyafa ruwa, a kankare tsohon da ya saki, a jiƙa bangon kafin a ɗora sabo. Tambayi dattijon maginin unguwarku, da bakinsa zai ba ka awon, ƙila ko kuɗin goro ba zai karɓa ba don daɗin an tambaye shi.

Ban ce siminti haram ba ne. Yana da wurinsa: daɓen ɗaki, bakin rijiya, makewayi, kwata, ginin bulo. Amma ka tuna farkon 2024, lokacin da buhu mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Abin da ya kai wannan tsada ba a zuba shi inda zai faɗo bayan damina biyu. In za ka yi filasta a kan bulo, buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, kuma kowane kwano na siminti yana ɗaukar yashi huɗu zuwa shida, ba goma ba, kowa ya ce maka goma so yake ya rage buhu. Bayan an shafa a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Wannan shayarwar aikinka ce, birkila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Fenti kuma shi ne na ƙarshe, bayan bango ya bushe sarai, in ba haka ba ya kumbura ya riƙa saɓulewa kamar fatar maciji.

Abu biyu kada YouTube ya ruɗe ka a kansu. Wayarin wuta ba a koyonsa da bidiyo, musamman yanzu da gida ɗaya za ka tarar da layin NEPA da janareta da sola duk a haɗe. Ka kashe ɗaya, ɗayan yana nan da rai. Sai tsohon silin na asbesto, farin nan mai kama da allo da ke gidajen da aka yi shekarun baya. In yana zaune lafiya ƙyale shi. Kada ka yanka shi da zarto ko ka farfasa shi a ɗaki, ƙurarsa tana lalata huhu har ta kai ga kansa, kuma sai bayan shekaru masu yawa cutar take bayyana.

Ke ma 'yar'uwa da kike tura kuɗin ɗinki ko na adashi gida a gyara ɗakin Inna, kada ki tsaya a hoton fenti da za a turo miki ta WhatsApp. Ki ce a ɗauko miki hoton saman rufi, da indararo, da gindin bango ta bayan gida, wajen da baƙi ba sa zuwa.

Akwai kuma wata tsagewar da ba a bango take ba. In gidan na gado ne ba a raba ba, kafin ka sauke yashi ko tifa ɗaya, ka zauna da Baffa da yayyenka da 'yan'uwa mata, a faɗi a fili: wannan gyaran kyauta ce ga gida, ko bashi ne, ko ɗakin ne zai zama rabonka? A rubuta, shaidu su sa hannu. Kotunan shari'a sun sha ganin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya da suka daina gaisawa saboda wani ya ce shi ya sa kwano da tayil, don haka sashen nasa ne.

In an daidaita, sauran aikin ba ya son kuɗi kamar yadda yake son hannuwa. Wannan zauren WhatsApp ɗin na samarin unguwa da kuke ta musun Barcelona da Madrid har ƙarfe ɗayan dare, jefa sanarwar gayya a ciki: Asabar gidanku, ta sama gidan wani. Mutum takwas, baro biyu, shebur uku, tsani ɗaya na aro, a kwaɓa ƙasar tun ranar Laraba. Kai kuma naka shi ne ƙosai da kunu, da ɗaurin rake na bayan Azahar.