Dora Akunyili da Yaƙi da Jabun Magani

Sa'ad da aka naɗa Dora Akunyili shugabar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, a 2001, jabun magunguna, waɗanda wasunsu alli ne kawai aka matse ya zama ƙwaya, sun riga sun zama musiba a Nijeriya, har ƙanwarta ma jabun allurar ciwon sukari ta yi ajalinta a 1988. Duk da harbin da aka yi wa motarta a 2003, ba ta ja da baya ba: ta yi ta ƙona haramtattun kaya a bainar jama'a, ta rufe kasuwar magani ta Onitsha a 2007. Ta rasu a Indiya a 2014.

Don guje wa jabu, wajibi ne mai sayen magani ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, domin rai amana ne.