Hanyar Gwanja: Yadda Goro Ya Kafa Zangunanmu

Sau da yawa a nan Gana mukan ji ana ce da mu baƙi, wasu yaranmu ma har sun soma yarda. Dattawan da suka ga korar baƙi ta 1969 kuwa sun san inda irin wannan magana take kai mutum. To, masu karatu, ya kamata mu waiwayi hanyar da ta kawo kakanninmu, wato hanyar Gwanja.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanya zuwa Gwanja. Amma a ƙarni na 19 ne fataucin ya bunƙasa sosai. Abin da ake bi kuwa shi ne goro. Ƙasar Hausa ba ta da shi, ga shi kuma ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai da shi. A kurmin Asante yake fitowa, sarakunan Kumasi kuma ba su barin fatake su shiga kurmin, sai dai a haɗu a kasuwar Salaga.

Daga Kano zuwa Salaga ya fi kilomita 1,000, duk a ƙasa. Ayari yakan tashi da kaka, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, wani ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, sa'an nan ya sauka Salaga. Zuwa da komowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara. A 1826 Bature Kilafatan ya gamu da wani ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

Irin wannan taro ba ya tafiya sai da shugaba. Madugu shi ne uban tafiya. Shi yake ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi yake sasanta rigima, shi kuma yake faɗin ranar tashi. Jagaba yana gaba yana duba hanya, malamin ayari yana addu'a yana rubuta lissafi. Mata suna dafa abinci suna sayarwa, suna kuma nasu ɗan cinikin. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan sana'a. Sukan zo da kanwa, da tufafin rini na Kano, da kayan fata, da gabu, da dabbobi. Kada kuma mu ɓoye: har da bayi, domin Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma cikinmu akwai jikokin masu saye, akwai jikokin waɗanda aka sayar.

Komawa ita ce wahalar. Goro kaya ne mai shagwaɓa. Sai an lulluɓe shi da ɗanyen ganye, a riƙa kwance shi a hanya ana tsince wanda sankara ta kama, ana yayyafa ruwa. In farke ya yi sake, jarinsa ya ruɓe a kan jaki.

Inda ayari ya sauke kaya ya kwana, nan ne zango. Wani ya tsaya ya zama mai masauki, wani malami, wani mahauci, a gina masallaci, a yi aure. Sunan da unguwanninmu suke amsawa ke nan har yau.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Asante, goro ya karkata zuwa Kintamfo da wasu kasuwanni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga. Mutanenta suka bazu zuwa Yeji da Kete-Karaci, daga baya har Kumasi da Ankara. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete-Karaci, ya rasu can a 1934, Allah ya ji ƙansa.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan a loda shi a jirgin ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda Ba'agale ne, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya. Tsohon garin Kete-Karaci kuwa, ruwan tafkin Bolta ya shafe shi bayan da aka datse kogin a Akosombo cikin shekarun 1960.